Karena ya daina jin magana: in ɗauki mai horo da lada ko in bi shawarar Yaya?

Malam, barka da aiki. Ina da kare namiji ɗan wata takwas, tun yana kwikwiyo yake hannuna. Da yana jin magana, yanzu ya zama wani abu daban. In na fita da shi, shi ke jana. Baƙo bai isa ya shigo ba sai ya dira masa a ƙirji. In na kira shi sai ya kalle ni ya yi gaba abinsa. An haɗa ni da wani mai horar da karnuka da ke zuwa har gida, ya ce shi ba ya duka, ba ya tsawa, da lada kawai yake aiki. Yayana da muke gida ɗaya ya ce ɓarnar kuɗi ce, wai kare in bai ji sanda ba ba zai san mai gida ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan ya riga ya bushe. Shin ba toshiyar baki ba ce wannan ladar? Har abada zan riƙa yawo da nama a aljihu? Zai ci gaba da gadi? Me zai hana in kai shi can ya yi wata guda a dawo mini da shi a gyare? Zama nawa ake yi? Af, na manta: sau biyu ya yi wa ɗana ɗan shekara huɗu gurnani da ya matsa kusa da kwanon abincinsa, amma na kwaɗa masa, bai sake ba.

Mai kare cikin damuwa

Ɗan'uwa, barka kadai. Abin da ka ce ka manta ya fi duk sauran tambayoyinka nauyi, da shi zan fara.

Gurnani gargaɗi ne. Kare ba shi da bakin da zai ce "matsa can, ina tsoron a ɗauke mini abinci", gurnanin shi ne maganar tasa. Kafin ya kai ga gurnani ma akwai alamun da mutane ba su cika lura da su ba: ya daina ci ya sandare, ya sunkuyar da kai a kan kwanon, ya kalli yaron ta wutsiyar ido har farin idonsa ya bayyana, ko ya hau haɗiyar abincin da sauri. Da ka kwaɗa masa, abin da ya koya shi ne gurnani yana jawo duka. Fargabar da ta sa shi gurnanin tana nan daram, ta ma ƙaru, domin yanzu zuwan yaro kusa da kwano ya haɗu da zafi a jikinsa. Karen da aka hana gurnani shi ne wanda ake wayar gari a ce ya yi cizo ba zato ba tsammani. Ka kuma tuna ɗan shekara huɗu fuskarsa kusan daidai take da bakin kare.

Daga yau, ba sai ka jira mai horo ba, a riƙa ba shi abinci a inda ake rufe ƙofa, yaro ba ya shiga sai ya gama an ɗauke kwanon. Haka in an ba shi abin tauna. Kada a bar su su biyu babu babba a wurin, ko da na minti ɗaya ne. Ka kuma kai shi wurin likitan dabbobi ya duba shi, domin ciwon kunne, ciwon haƙori ko ciwon gaɓoɓi suna sa kare ya zama mai saurin fushi, kuma babu horon da zai warkar da ciwo. Gyaran wannan hali yana da hanyarsa: babban mutum ya wuce daga nesa yayin da karen ke ci, ya jefa masa abin da ya fi na cikin kwanon daɗi, ya tafi abinsa. A hankali ana rage tazarar, har karen ya koma ɗago kai da murna in ya ga an nufo shi. Aikin manya ne, a gaban wanda ya iya, ba a sa yaro a ciki.

Sai maganar Yaya. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba, kuma ta daɗe tana yawo har a littattafan horar da karnuka. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne binciken da masanin dabbobi Rudolph Schenkel ya wallafa a 1947 kan kyarketan da aka tara a gidan namun daji na Basel a Suwizalan. Dabbobi ne da ba su haɗa jini ba, an kulle su wuri ɗaya, suka yi ta faɗa a kan wa zai zama babba. Daga nan aka ɗauka cewa kare ma sai an nuna masa ƙarfi yake sanin shugabansa. Masanin kyarketai David Mech na Amurka ya yaɗa wannan fahimta a 1970, sannan shi da kansa ya dawo a 1999 ya warware ta bayan ya daɗe yana kallon kyarketai a daji: garken uwa ce da uba da 'ya'yansu, babu wani gwabzawar neman sarauta. Karenka da yake jan igiya ba mulkin gidanka yake nema ba. Ya fi ka sauri, akwai ƙamshi a gaba, kuma duk lokacin da ya ja ya isa inda yake so.

Zan yi wa Yaya adalci: duka yana tsayar da abu nan take, shi ya sa mutane suka yarda da shi. Matsalar tana cikin abin da ke biyo baya. A 2009 likitocin dabbobi a Jami'ar Pennsylvania sun tambayi masu karnukan da aka kawo musu saboda matsalar hali, sai aka samu cewa cikin waɗanda suka doki karensu ko suka shure shi, kashi 43 cikin 100 karen ya mayar da martani da faɗa. A 2020 masu bincike a Jami'ar Porto ta Fotugal sun bi karnuka 92 a makarantun horo daban-daban. Waɗanda ake horarwa da tsawa da fizgar wuya sun fi nuna alamun damuwa, kuma sinadarin kotizol, wanda jiki ke fitarwa in an shiga matsi, ya fi yawa a yawunsu bayan darasi. A shekarar dai, Jami'ar Lincoln ta Ingila ta gwada karnuka 63 a kan amsa kira da zama, ta samu waɗanda aka koyar da lada sun fi saurin amsawa a kan waɗanda aka sa wa abin wuya mai jan lantarki. Wato ko a ajiye tausayi gefe a duba aiki zalla, lada ce ta yi gaba.

Batun icce da ɗanyensa kuwa, Yaya yana da rabin gaskiya. Akwai lokacin da ba ya dawowa, daga mako 3 zuwa wajen mako 14 da haihuwa, lokacin da kwikwiyo ke sabawa da mutane da ƙararraki da wasu dabbobi cikin sauƙi. Amma koyon zama, tafiya da igiya, amsa kira, wannan kare ɗan shekara goma ma yana koya. Naka ɗan wata takwas balaga ce ta kama shi. Wani bincike na Jami'ar Newcastle a 2020 ya nuna daidai a wannan shekarun karnuka kan rage jin maganar mai kula da su, alhali suna amsa wa baƙo lafiya lau. Abin da ban haushi, amma yana wucewa.

Toshiyar baki ce? Bambancin yana ga wanda ya fara zuwa, nama ko aiki. In sai ka ɗaga nama ya gani sannan ya zauna, toshiya ce, kuma ranar da hannunka ba komai zai kalle ka ya wuce. In ya zauna tukuna sannan nama ya fito daga inda bai gani ba, lada ce. Ga yadda za ka ga mai horon ya yi. Zai riƙe ɗan guntu a gaban hancin karen, ya ɗaga shi a hankali zuwa bayan kansa. Hanci ya bi sama, gindi ya sauka ƙasa. Daidai lokacin da gindin ya taɓa ƙasa zai ce "yauwa!" ya ba shi. Sau huɗu ko biyar da abinci a hannu, sai ya yi wannan motsin da hannu wayam, karen ya zauna, "yauwa!", lada ta fito daga aljihu ta ɗaya hannun. Sai hakan ya zauna sannan za a liƙa masa kalmar "zauna". Mafi yawan masu kare a nan suke maƙalewa: suna barin abincin a hannu har mako biyu, sannan su ce hanyar ba ta aiki.

Wannan "yauwa" ɗin ita ce ƙashin bayan aikin. Kare yana danganta lada da abin da yake yi a daƙiƙa ɗaya ko biyu da suka wuce. In ya zauna, ka tsaya laluben aljihu har ya miƙe, to miƙewa ka biya. Kalmar tana gaya masa "wannan da ka yi yanzu shi ne", sai ta ba ka lokacin ciro abin. Wasu suna amfani da 'yar na'ura mai ƙara ƙas, duk ɗaya ne. Dabarar ta samo asali ne daga binciken masanin halayya B. F. Skinner, ɗalibansa Keller da Marian Breland suka fitar da ita daga ɗakin gwaji tun shekarun 1940, kuma wata Ba'amurkiya mai suna Karen Pryor, wadda ta yi aiki da dabbar ruwan nan dolfin a Hawaii a shekarun 1960, tana cikin waɗanda suka kawo ta ga masu karnuka. Dolfin ba a sa masa sarƙa, ba a bin sa da sanda cikin ruwa, in bai so ba sai ya nutse ya bar ka tsaye. Dole ta sa suka gano yadda ake sa dabba ta so aikin.

Haka ma hukuncin da aka yi a makare ba ya koyar da komai. Ka dawo ka tarar ya yayyaga takalmi tun da rana, ka hau faɗa, ya kwantar da kunne ya maƙale wutsiya, ka ce ai ya san laifinsa. Wata masaniyar halayyar karnuka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a 2009: karnukan da aka yi wa faɗa sun yi wannan fuskar ko sun aikata ko ba su aikata ba. Muryarka yake amsa wa.

Ba za ka yi ta yawo da nama har abada ba, amma kada ka sa ran ranar da za ka daina biya gaba ɗaya. Sabon abu ana biyansa kowane lokaci. In abin ya kama jikinsa, sai a koma biya jefi-jefi, a zaɓi wanda ya fi kyau da sauri. Daga nan rayuwar yau da kullum ta karɓi aikin: ya zauna sannan a buɗe ƙofa, ya zauna sannan a ajiye kwano, ya tafi da igiya a sake sannan a bar shi ya shinshina bishiyar da yake ta hanƙoro. Duk lada ce. Ma'aikaci ma ba ya cewa tunda ya iya aiki a daina ba shi albashi. Abu ɗaya da nake so ka ci gaba da biya da abu mai kyau har tsufansa shi ne amsa kira, domin wata rana shi zai raba shi da tayar mota. Kuma kada ka taɓa kiransa ya zo ka hukunta shi, ko da ya ɓata maka rai minti ashirin kafin ya zo.

Ladar kanta ƙanana ake yankawa, kamar ƙwayar wake, mai laushi da zai haɗiye ya ɗago a ci gaba. A cikin gida inda ba abin da ke ɗauke masa hankali, abincinsa na kullum ya isa, ka ɗebi wani kaso daga na ranar ka yi aiki da shi. A waje inda duniya ke kiransa ta ko'ina, sai an fito da dafaffen nama ko hanta. Likitocin dabbobi suna cewa kada irin wannan ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci a rana. Cakulan, inabi da busasshensa, albasa, tafarnuwa da duk abin da aka sa wa zaƙin xylitol guba ne gare shi, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa a ciki.

Kada Yaya ya ɗauka horo da lada yana nufin a zuba wa kare ido ya yi abin da ya ga dama. Akwai doka, illa dai ba da sanda ake tsare ta ba. Ɗauki dirar wa baƙo. Me yake samu? Baƙon ya yi ihu, ya ture shi da hannu, kai ma ka taso kana kiran sunansa. A wurin matashin kare wannan wasa ne mai daɗi, an biya shi ke nan. Mai horon zai sa ka ɗaura masa igiya kafin a buɗe ƙofa, ka tsaya nesa da bakin ƙofar yadda ba zai kai ga baƙon ba. Ƙafa huɗu a ƙasa, "yauwa", ka ajiye ladar a ƙasa tsakanin ƙafafunsa don kansa ya riƙa yin ƙasa. Baƙon ya matso taku ɗaya. Ya yi tsalle, baƙon ya juya baya ya koma. Ya sauka, baƙon ya dawo. Ka shirya wa abu ɗaya: a kwanakin farko tsallen zai iya ƙaruwa, domin abin da ya saba ci da shi ya daina ci, zai ƙara ƙarfi ya gani. In aka sare a nan, an koya masa cewa naci yana biya. Jan igiya ma haka: igiya ta miƙe, ƙafarka ta tsaya cak, ta saki, a ci gaba. Fitar farko ba za ku yi nisa ba, kuma masu wucewa za su kalle ka. Ka jure.

Gadi ba zai lalace ba. Haushi in ya ji baƙon motsi halittarsa ce, wani jinsin ya fi wani, kuma ba ɗan guntun nama zai goge ta ba. Abin da za ka ƙaru da shi shi ne ka iya cewa "ya isa" ya yi shiru ya dawo wurinka. Karen da aka daka har ya zama yana tsoron kowa ba ya bambance ɓarawo da abokin ɗanka.

A kan kai shi can ya yi wata guda, ban ba ka shawara ba. Na farko, ba ka ganin abin da ake yi masa a bayan idonka. Na biyu, kare ba ya ɗaukar darasi daga wuri ya kai wani wuri da sauƙi kamar mutum. Wanda ya iya zama a falo sai ka same shi a bakin titi kamar bai taɓa jin kalmar ba, sai an sake koya masa a can. Matsalolinka duk a gidanka suke: ƙofarka, kwanonsa, hanyar da kuke bi, mutanen da yake zaune da su. Amfanin mai zuwa gida ke nan, zai ga inda kwanon yake, ya ga yadda yaron ke gilmawa, ya ga hannunka yana makara da lada. Rabin aikinsa ko fiye a kanka zai yi. In ya zo ya karɓi igiya ya yi ta burge ka na awa ɗaya bai miƙa maka ba, kuɗinka ya tafi a kallo. Ajin haɗaka da wasu karnuka yana da ranarsa, nan gaba in kana so ya koyi jin maganarka a tsakiyar hayaniya.

Zama nawa? Mai gaskiya ba zai ba ka lamba ba kafin ya ga karen. Yawanci awa ɗaya ce, sau ɗaya a mako ko a mako biyu, na farkon ya fi tsawo kuma tambayoyi ne suka fi yawa a cikinsa. Ainihin horon yana tsakanin zama da zama: minti biyar, sau biyu ko uku a rana, ya fi awa guda a ƙarshen mako. Zama da kwanciya a kwana ɗaya ko biyu za ka gani. Jan igiya da tsalle makonni ne, domin ya daɗe yana cin ribarsu. Tsaron kwano zai iya ɗaukar watanni. Duk wanda ya ce maka ya ba ka tabbacin gyara cikin kwana kaza, ka riƙe kuɗinka.

Kalmar "lada" a bakinsa ba ta isa shaida ba. A yawancin ƙasashe babu dokar da ta hana kowa ya wayi gari ya ce shi mai horar da karnuka ne. Akwai takardun shaida masu daraja, kamar ta hukumar CCPDT ta Amurka da ke neman awa 300 na aiki da kuma jarrabawa, amma da yawa daga cikin ƙwararru ba su da ita, don haka kunnenka da idonka za su yi maka alƙalanci. Ka tambaye shi abin da zai faru da karen in ya yi daidai, da abin da zai faru da shi in ya yi kuskure. Amsa ta biyu ita za ta nuna maka ko wane ne. In ya ce zai sauƙaƙa darasin, ya ƙara tazara, ya sake gwadawa, madalla. In ya fara kewaye-kewaye da "ɗan gyara kaɗan" ko "nuna masa shugaba", ka ce ya buɗe jakarsa ka gani. Sarƙar shaƙe wuya, abin wuya mai ƙayoyi ko mai lantarki, ko ɗaya ka gani ka sallame shi cikin mutunci. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta mai lantarkin tun 2010, kuma ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fito fili a 2021 ta ce da lada ya kamata a yi duk wani horon kare. Ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa aiki da karen da ke tsaron abinci a gidan da akwai ƙaramin yaro. In ya ce bai taɓa ba amma ya san wanda zai tura ka wurinsa, wannan ya ƙara masa daraja a idona.

In an fara, ka riƙa kallon karen fiye da mai horon. Jiki a sake, yana matsowa da kansa, yana karɓar abinci, aiki na tafiya. Yawan hamma, lasar leɓe, kau da kai, ƙin karɓar abin da ya saba so, alamar an matsa masa ne, kana da ikon cewa a dakata.

Wanda zai iya rushe maka aikin duka shi ne mutumin gida da ke bin wata hanya daban. Kai kana biyan ƙafa huɗu a ƙasa, wani yana rungumarsa in ya yi tsalle, wani yana ɗaga sanda, karen ba zai san na wa zai bi ba. Kada ka tsaya musu da Yaya a kan wa ya fi sanin kare, ba za ka ci ba kuma bai dace ba. Ka roƙe shi alfarma biyu: ya zauna a zaman farko ya yi duk tambayar da yake so, kuma ya ajiye sanda na mako shida a ga abin da zai faru. In ya yarda ya riƙe igiyar da kansa ya ce "yauwa" ɗin nan karen ya amsa masa, ka samu abokin aiki.

Kafin mai horon ya zo, ka ɗauki bidiyon tsallen da jan igiyar a waya, domin karnuka sun iya zama salihai ranar da aka kawo mai duba su. Ka rubuta lokutan da yake ci, awa nawa yake yi shi kaɗai, da yawan fitar da yake samu, don matashin kare da ke wuni a ɗaure ba inda zai kai ƙarfinsa sai kan baƙonka. Ku daidaita a gida kan kalma ɗaya ga kowane umarni, kada wani ya ce "zo", wani ya ce "taho nan". Ranar zaman kuma ka ba shi rabin abincinsa kawai da safe, ka yanka ladar ka ajiye tun kafin a ƙwanƙwasa ƙofa.